Madara a cikin shayi: narkewa take yi ko me?

Yar_Autan_Mama: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin kimiyyar sinadarai ku raba mini gardama. Ina aji biyu na babbar sakandare. A gwajin makon jiya an ce mu kawo misalai uku na narkakken abu na ainihi. Na rubuta ruwan gishiri, ruwan sukari, da madara. Malam ya ba ni maki a biyun farko, ya ja jan biro a kan madara, ya rubuta "koloyid" a gefe. Ni kuwa kullum ni ke haɗa shayin gidanmu. In zuba sukari ya ɓace, in zuba madarar gari ta ɓace, babu gudaji, babu abin da ke kwanciya a gindin kofi. To ina bambancin? Gani nake an cuce ni maki ɗaya.

Dan_Mai_Shayi: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata ina bayanki. Shekara 11 ina kan tebur, ban taɓa ganin madara ta ƙi narkewa ba sai in ruwan bai ji wuta ba. Ki ce wa malamin ya zo in haɗa masa mai kauri ya gani da idonsa.

Malam_Sinadari: 'Yata, ba a cuce ki ba, amma tambayarki ta fi makin da kika rasa daraja. Samo tambulan biyu na gilashi. Ɗaya ki dama sukari a ruwa, ɗaya ki dama madara. Ki ɗora su a kan shafin littafi ki leƙa ta sama. Na sukarin za ki karanta rubutu tar. Na madarar fari fat. In da madarar ta ɓace kamar yadda kika ce, mene ne ya tare miki gani?

Magana ce ta girman ɓarɓashi. Ki dubi rularki: ɗan tsakanin layi da layi milimita ɗaya ne. A raba shi gida miliyan, kashi ɗaya shi ake kira nanomita. Sukari in ya shiga ruwa warwatsewa yake yi har sai kowace ƙwayarsa ta asali ta ware ita kaɗai, girmanta wajen nanomita ɗaya. Gishiri ma ya fi haka ƙanƙanta, don rabuwa yake yi gida biyu, sodiyam daban, kulorayid daban, ruwa ya kewaye kowanne. Wannan shi ne narkakke na ainihi.

Ita madara furotin ɗinta, wanda ake kira kesin, a dunƙule yake. Dubban ƙwayoyi ne suka haɗu suka zama ɗan curi mai faɗin nanomita 150 zuwa 200 a matsakaici, ga kuma ɗigo-ɗigon maiƙo. Ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya, ba sa kwanciya, amma suna nan suna shawagi. Abin da ɓarɓashinsa ke tsakanin nanomita 1 zuwa 1000 shi ne koloyid. In ya haura haka, kamar yashi ko gari a ruwan sanyi, ya zama damamme mai kwanciya.

Mai_Gardama01: Allah ya gafarta Malam, wa ya dasa turken 1000 ɗin nan? Wato ɓarɓashi mai nanomita 999 koloyid ne, mai 1001 kuma ya fita daga dangi?

Malam_Sinadari: Mutane ne suka dasa don sauƙin magana. Kamar ka tambaye ni ranar da maraƙi ya zama sa. Babu ranar, amma kowa ya san maraƙi ya san sa. Da ɗabi'a ake ganewa: yana kwanciya in an ajiye? Yana wuce takardar tacewa? Yana watsa haske?

Dalibin_Fiziks: Na ukun nan shi ya fi daɗin gwadawa. @Yar_Autan_Mama, bari dare ya yi, ki kashe fitila, ki haska tocila ta gefen tambulan, ki duba ta sama. In kin samu irin ƙaramar leza ɗin nan ta maƙalin mukulli ya fi kyau, amma kada ki haska idon kowa. A ruwan sukari hasken zai wuce ba ki ga sawunsa ba. A ruwan da kika ɗiga madara ɗigo biyu kacal za ki ga hanyar hasken ta miƙe kamar zare. Da sunan John Tyndall ake kiran abin, wani masanin fiziks ɗan ƙasar Ayilan da ya yi nazarinsa a shekarun 1860. Kin ma sha ganinsa ba ki sani ba: hasken rana in ya ratso ta ɓular kwano yayin da ake shara, ko fitilar mota da daddare lokacin hazo.

Yar_Autan_Mama: Zan gwada in sha Allah. Amma Yaya, me ya sa sukarin ba ya yin haka?

Dalibin_Fiziks: Tsawon zangon igiyar hasken da muke gani nanomita 400 zuwa 700 ne. Abu mai nanomita ɗaya ya yi masa ƙanƙanta ƙwarai, abin da zai watsa bai kai ido ya kama a cikin tambulan ba. Curin madara kuwa ya kusa sa'an igiyar, sai ya yi ta karkatar da ita ko'ina. Farin da kike gani a madara ke nan, babu wani fenti a ciki.

Bakatsine_Sak: Ashe shi ya sa sama take shuɗiya, ƙura ce ke watsa hasken.

Dalibin_Fiziks: A'a ɗan uwa, nan ka zame. Ƙura fari-fari ko ruwan ƙasa take mai da sama, dubi lokacin hunturu. Shuɗin sama daga ƙwayoyin iskar kansu yake, don kaurin iskar kilomita ne masu yawa, ɗan abin da kowace ta watsa sai ya taru. Ka lura sama ta fi shuɗi bayan an ɗauke ruwan sama, lokacin da ƙura ta kwanta.

Gardin_Tsangaya: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ina jin maganar nan ta biyo ta ƙofar gidanmu. Mu masu haɗa tawada mun san in ka kankaro baƙin tukunya ko ka niƙa gawayi ka zuba a ruwa kawai, ba ta yin tawada. Wani ya taso sama, wani ya kwanta, ka tsoma alƙalami ka fito da ruwa. Sai an jiƙa ƙaro an haɗa an murza sosai, sannan za ta kama jiki, ta yi kwanaki a kurtu ba ta rabu ba, ta kuma zauna a allo. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, in tawadarka ta tsinke cewa yake ka yi rowar ƙaro. To Malam, tawada wane aji take?

Malam_Sinadari: Amin. Alaramma, ka kawo misalin da ya fi na littafinmu. Tawadarku koloyid ce, kuma ta nuna cewa koloyid iri biyu ne. Akwai masu son ruwa, irin ƙaro, da farin ƙwai, da sitaci dafaffe: ƙwayarsu tun asali ƙatuwa ce, da sun ji ruwa sai su kumbura su bazu da kansu. In ƙaro ya bushe ka sake jiƙa shi, komawa yake yi yadda yake. Akwai kuma masu ƙin ruwa, irin baƙin tukunya, waɗanda sai da dabara suke zama, kuma kaɗan suke jira su dunƙule. Aikin ƙaro shi ne ya lulluɓe kowane ɓarɓashin baƙin, ya hana shi manne wa ɗan uwansa. Don wannan aikin ne kamfanonin lemon kwalba da na alewa ke sayen ƙaron dakwara daga Sudan da Cadi da Najeriya.

Sunan ma daga nan ya fito. Thomas Graham, ɗan Sikotland, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1861, daga kalmar Girkanci mai nufin abin liƙi.

Ba_Damagarame: To ku a Najeriya ba ku da sunan Hausa ne? Mu a lakkwal da Faransanci muka koya, sunan kusan ɗaya ne. Amma in da ni ne sai in ce Bahaushe ya riga ya raba: gishiri narkewa yake, fura damawa ake.

Mai_Gardama01: Fura ai kwanciya take in ka bar ta. Damawa ta haɗa biyu ke nan. Sai dai mu ce narkakke, da mai shawagi, da mai kwanciya.

Ba_Damagarame: Mai shawagi ya yi mini. Ko da yake jirgin sama ya riga mu.

Yar_Autan_Mama: Na dawo! Na gwada da tocilar waya, na rufe bakinta da kwali na huda ƙaramin rami. Na madara gaskiya ne, hanya ta fito sosai. Amma Malam, na gishirin ma na ga hanya, dishi-dishi. Ke nan gishiri ma koloyid ne?

Dalibin_Fiziks: Wane gishiri, wane ruwa?

Yar_Autan_Mama: Na awo da Mama ke saya, da ruwan randa.

Dalibin_Fiziks: Shi ke nan. Ƙurar da ke cikin gishirin da ta ruwan randar kika gani. Ko na leda ma ana sa masa wani ɗan gari don kada ya dunƙule, wani irinsa ba ya narkewa. Sake gwadawa da farin sukari da ruwan gora, ki bari kumfar iska ta gama fita tukuna.

Hajiya_Mai_Awara: Ina ta karanta ku tun ɗazu hannuna na cikin aiki. Ku ba ni amsar wannan. Ina jiƙa waken suya, a markaɗo, in tace, ruwan ya fito fari kamar madara. In ɗora a wuta ya tafasa, ba ya rabuwa. Amma da na zuba ruwan tsami, nan take sai ya tsinke, awara ta tattaru gefe guda, ruwa ya koma garau mai ɗan rawaya. Shekara da shekaru ina yi ban san dalili ba. Kuma me ya hana shi kwanciya tun farko?

Malam_Sinadari: Hajiya sannu da aiki. Abu biyu ke riƙe da shi. Na farko, ƙwayoyin ruwa ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin kai-kawo suke suna bugun duk abin da ke cikinsu. Babban ɓarɓashi bai san ana yi ba, nauyinsa zai kai shi ƙasa. Ƙarami kuwa sai ya yi ta tangaɗi, bugun ya rinjayi nauyinsa. Robert Brown, masanin tsirrai, ya ga wannan rawar a madubin ƙara girma a 1827, yana duba ɓarɓashin da ke fita daga garin fure. Ba a samu cikakken bayaninta ba sai da Albert Einstein ya yi lissafin a 1905, Jean Perrin na Faransa ya auna ya tabbatar bayan 'yan shekaru.

Na biyu shi ne amsarki. Kowane curin furotin na waken yana ɗauke da cajin lantarki, kuma duk iri ɗaya, mai alamar ɗebewa. Caji iri ɗaya ture juna suke, don haka ko sun yi karo ba sa mannewa. Tsami in ya shiga sai ya kashe cajin. Da turewar ta kau, sai su rungumi juna, curi ya zama gudaji, gudaji ya zama awara. Ki zuba ruwan tsamin nan a ruwan sukari ki kwana kina jira, babu abin da zai tattaru.

Diyar_Ruga: Haka kindirmo yake kenan. Mu ba ma zuba tsami da yawa, ɗan tsohon nono muke sawa mu rufe ƙwarya, da safe ya kama. Kuma gyara kaɗan ga Malam: madarar da aka tatso yanzu in ta kwana maiƙonta sama yake tasowa, da shi muke yin man shanu. Ka ce ba ta rabuwa.

Malam_Sinadari: Na karɓi gyara, 'yar uwa. Ɗigon maiƙo a ɗanyar madara manya ne, da yawansu sun haura nanomita 1000, har zuwa ninki goma, shi ya sa suke tasowa. Ta gwangwani an matsa ta da ƙarfi ta wata 'yar ƙofa an farfasa ɗigon, sai ta daina rabuwa. Kindirmo kuwa ƙananan halittu ne a tsohon nonon suke cin sukarin madara su mai da shi tsami a hankali. In ma'aunin tsami na pH, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya sauko wajen 4.6 sai kesin ya rasa cajinsa ya kama.

Zango_Kumasi: Gaisuwa daga Gana. A nan wagashi da tumfafiya ake kama shi, ba da tsami ba. Shi ma caji ne?

Malam_Sinadari: Hanyar ta bambanta. Ruwan tumfafiya na da sinadarin da ke yanka furotin. Curin kesin yana da wasu 'yan gashi-gashi a bayansa da ke kare shi, in aka datse su sai curin su manne. Ƙarshen dai ɗaya ne.

Mai_Gardama01: Tsaya. Diyar_Ruga ta sa an ambaci sukarin madara. Shi wannan sukarin a narke yake ko a shawagi?

Malam_Sinadari: A narke yake na ainihi, shi da wasu gishirai.

Mai_Gardama01: To ashe yarinyar nan tana da rabin gaskiya. A ba ta rabin maki.

Yar_Autan_Mama: Allah ya saka da alheri Yaya, gobe zan kai ƙara!

Malam_Sinadari: Kada ki je. A takardar WAEC ko NECO in aka ce madara, koloyid ake nema. Amma tun da kin zo, bari in ba ki abin da ya fi zuwa a jarrabawa, wato yadda koloyid ke samuwa. Tunda girmansa na tsakiya ne, ta fuska biyu ake iso masa: ko a farfasa babba ya sauko, ko a tara ƙanana su hau.

Farfasawa ita ce ta Hajiya da injin markaɗe, da ta Alaramma da murzar tawada, da masu fenti da injinan niƙansu. Har da lantarki ana yi: a tsoma wayoyin zinariya biyu a ruwa mai sanyi a sa tartsatsi ya tashi tsakaninsu, ƙarfen ya zama tururi ya daskare ƙanana-ƙanana a ruwan.

Tarawa ta fi ban sha'awa, don a nan narkakke na ainihi ne ke rikiɗa a gaban idonki. A ɗakin gwaji mukan tafasa tataccen ruwa mu ɗiga masa ferik kulorayid, wani gishirin ƙarfe wanda ruwansa rawaya-rawaya ne. Nan da nan sai ya koma ja mai duhu kamar shayin da ya ji ganye. Ƙwayoyin ƙarfen ne suka haɗu da ruwa suka zama abin da ba ya narkewa, suka fara taruwa, amma caji ya tsayar da su kafin su kai girman kwanciya. Michael Faraday ya yi irin wannan da zinariya, ya ba da bayaninsa a 1857: zinariyar ta fito ja kamar yaƙutu. Kwalabensa suna nan a ajiye a Landan har yau, ba su kwanta ba.

Sista_Aikin_Dare: Malam, ga na gida wanda kowa ya sani: Dettol. A kwalba garau yake ruwan zuma, ka zuba a bokiti ya koma fari.

Malam_Sinadari: Madalla Sista. A kwalba mayukan da ke ciki a narke suke tare da alkohol da sabulu. Da ruwa ya yi yawa sai ya kasa riƙe su, su fito su taru ɗigo-ɗigo, sabulun ya kewaye su. Kin ga abu ɗaya ne, ɗazu garau, yanzu fari. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina koloyid hali ne da abu ke shiga. Zinariya a zobe ƙarfe ce, a kwalbar Faraday koloyid. Ruwa a kofi ruwa ne, a gajimare ko hazon sanyin asuba koloyid ne a cikin iska. Ko baƙin tukunyar Alaramma ta hanyar tarawa ya samu a cikin harshen wuta, kafin shi ya zo ya baza shi a ruwa.

Bakatsine_Sak: Ni dai ƙa'idar da na riƙe mai sauƙi ce: in yana da launi koloyid, in fari ne kamar ruwa narkakke.

Dalibin_Fiziks: Wannan ƙa'idar za ta kayar da kai. Kofa salfet, wani gishirin tagulla, a ruwa shuɗi ne shar kuma narkakke ne na ainihi. Jan zoɓo ma launinsa a narke yake. Sannan ka jiƙa ƙaro kaɗan a ruwa ka tace, ido zai ce maka ruwa ne zalla, leza ta tona asirinsa.

Injiniyan_Ruwa: Bari in shigo da abin da nake ci da shi. Duk wanda ya ɗebo ruwan rafi ko na tafki da damina ya san yashi kan kwanta cikin minti kaɗan, amma jan nan na yumɓu sai ya kwana uku bai washe ba. Ka tace da ƙyalle ya bi ta ciki. Ɓarɓashin yumɓu ne masu cajin ɗebewa. A matatun ruwa alam muke zubawa. Alminiyam ɗin da ke cikinsa caji uku gare shi na tarawa, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa yawan caji na ninka ƙarfin dunƙulewa matuƙa: mai uku ya fi mai ɗaya, irin sodiyam na gishiri, sau ɗaruruwa. Bayan haka alam ɗin kansa yakan zama wani farin abu kamar auduga, ya tattaro dattin ya sauka da shi ƙasa.

Ga inda bambancin da yarinyar ke tambaya ya zama maganar rayuwa. An taɓa kirana wani ƙauye, rijiyarsu zartsi, suna ta zuba alam suna cewa bai da kyau. Alam ba shi da abin yi da zartsi. Gishirin a narke yake, babu curin da za a kama. Ko ka zuba buhu, zartsi na nan.

Ba_Damagarame: Alam kuma? Mu alif muka sani.

Hajiya_Mai_Awara: Alif ne, yaran yanzu ne ke cewa alam. Wasu ma da shi suke kama awara don ta yi auki. Ni ban yarda ba, tana yin tauri da ɗan bauri. Ruwan tsamin kamu ko tsamiya, shi ke nan.

Uwar_Biyu: Hajiya gaskiyarki. Ta tsamiya ta fi laushi nesa ba kusa ba. Don Allah kina sa ƙwai a taki kafin suya?

Shugaban_Zaure: Iyayenmu mata a yi haƙuri, girke-girke akwai zaurensa ranar Asabar. A koma kan tambaya.

Bakon_Gadarif: A nan Sudan matan ƙauyukan bakin kogi sun daɗe suna daka ƙwayar zogale su zuba a tulu ruwa ya washe. Kakata haka take yi. Injiniya, wannan gaskiya ne ko camfi?

Injiniyan_Ruwa: Gaskiya ce tsantsa. Ƙwayar zogale na da furotin mai cajin tarawa, yana kama yumɓun kamar yadda alif ke yi.

Sista_Aikin_Dare: Amma a ji ni da kyau: ruwa ya washe ba ya nufin ya tsarkaka. Alif da zogale suna rage ƙwayoyin cuta don wasu na bin dattin ƙasa, amma ba sa kashe su. A tafasa ko a sa kulorin, musamman na yara.

Kuma tunda an ambaci Graham, mu a asibiti har gobe da kalmominsa muke aiki. Ruwan da ake ƙara wa marar lafiya iri biyu ne. Na gishiri, mai kashi 0.9 cikin ɗari, narkakke ne, yana ratsa bangon ƙananan jijiyoyi ya bazu a jiki. Akwai kuma na koloyid, irin mai albumin, wani furotin na jini, wanda ƙwayoyinsa manya ne, sun fi daɗewa a cikin jijiya suna riƙe ruwa. Wankin ƙoda ma a kan wannan bambancin ya tsaya. Jini na bi ta gefen wata siririyar fata mai ƙofofi ƙanana, dattin da ke narke irin su yuriya ya fice, furotin da ƙwayoyin jini su kasa wucewa. Graham da takarda mai kama da fata ya fara raba narkakke da koloyid ta haka. Willem Kolff, likita ɗan Holan, ya ƙera injin farko a 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, da irin ledar da ake ɗura nama a ciki.

Yar_Autan_Mama: Anti, ke nan takardar tacewa ta makaranta ba ta raba su, sai wannan fatar?

Sista_Aikin_Dare: Haka ne ƙanwata. Takardar na tare mai kwanciya kaɗai. Narkakke da koloyid duk wucewa suke. Fatar ce ke tare koloyid ta saki narkakke.

Mai_Gardama01: Saura koko. Kamu a ruwan sanyi kwanciya yake, har a tsiyaye ruwan sama. A zuba masa tafasasshe ya yi kauri ya daina kwanciya. A bar shi ya huce ya daskare. Malam, zaɓi ɗaya.

Malam_Sinadari: A ruwan sanyi mai kwanciya ne, don ƙwayar sitaci a rufe take kuma babba ce. Zafi in ya haura digiri 60 zuwa 70 sai ta sha ruwa ta kumbura ta fashe, zaren sitacin ya fito ya bazu, ya zama koloyid mai son ruwa. In ya huce zaren ya sarƙe da juna ya tsare ruwa a tsakani, kamar kafa. Wannan ma koloyid ne, daskararre.

Mai_Gardama01: Ban gamsu ba. Kokon unguwarmu akwai dusa-dusa da citta da ke taruwa a gindin kofi, ga sukari a narke. Uku ne a kofi ɗaya, ba ka da ikon ba shi suna ɗaya.

Dalibin_Fiziks: Jini ma haka yake ai, gishiri a narke, furotin a shawagi, jajayen ƙwayoyi kuma suna kwanciya in an ajiye shi a kwalbar gwaji an hana shi daskarewa.

Gardin_Tsangaya: To yauƙin kuɓewa da na kuka fa? Na ga kamar dangin ƙaro ne.

Malam_Sinadari: Danginsa ne, Alaramma, dogayen zaruruwa masu son ruwa.

Dan_Mai_Shayi: Ni har yanzu a wajena madara narkewa take, in ba haka ba kwastoma ba zai biya ba. Amma akwai wani da ke zuwa kullum da lemon tsami a aljihu, ranar nan ya matsa a shayi mai madara, ya tsinke, ya ce madarata ce ta lalace, har muka yi sa-in-sa. Wa ke da gaskiya?

Yar_Autan_Mama: Baba Mai Shayi, awara ya yi maka a kofi.

Hajiya_Mai_Awara: Ka ce masa ya zo in ɗauke shi aiki.

Mai_Gardama01: Ana ta dariya an bar maganar koko. Malam, ina jira.